Ƙusar da Na Karanto Mata

Talata, da yamma

Shugaba, matata, ta faɗi a matattakala yau da hantsi, saura kaɗan ta gama saukowa. Ƙafar dama ta maƙale a jikin ƙarfen gefe, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi juyawa. Akwatin da ke hannunta ya riga ta isa ƙasa, ya buɗe, kaya suka watse har bakin ƙofa. Ni ina ɗakin karatuna, ƙofa a rufe, littafi a gabana a shafi ɗaya tun safe.

Ba ta yi ihu ba. Macen da ta kusa shekara talatin tana riƙe da makarantar firamare ba ta ihu, ita ce ke sa a yi shiru. "Malam," kawai ta ce, da muryar da take kiran yaron da ya makara.

Yanzu tana asibiti, gadon jikin taga. Na dawo ɗaukar mata bargo da filas, na tsaya na tattara kayan akwatin. Ba kayan mako ɗaya ba ne. Har da tabaranta na ajiya, da hoton mahaifiyarta da ke rataye a ɗakinmu tun ranar da muka tare a gidan nan.

Wajen 'yarmu ta fari za ta je. Jiya na tambaye ta yaushe za ta dawo, ta ce sai ta ga hali. Na ce a gaida jikoki. Abin da na ce ke nan.

Laraba, da azahar

Likitar ƙashi ta zo. Yarinya ce, sa'ar 'yarmu, magana take kamar ta bar tukunya a wuta. Ta ciro biro biyu daga aljihu ta jera su a tafin hannu. Ƙwauri, in ji ta, ƙashi biyu ne, babba da siriri, kuma can ƙasa, saman idon sawu, jijiyoyi ne suka ɗaure su. Na Mama sun yage. Ta ware biron biyu. Ƙasusuwan sun buɗe, idon sawun yana rawa a tsakaninsu. Sai an yi tiyata an haɗe su, a riƙe har jijiyoyin su warke.

Hanya biyu ce. Ko a huda ƙasusuwan a ɗaure da ƙusa mai murɗi, irin ta kafinta amma ta asibiti. Ko a huda a zura igiya mai ƙarfi, a sa ƙaramin maɓalli na ƙarfe a kowane gefe, a ja a tamke. Duka suna yi, kuma duka za su yi wa ƙafar Mama. Ta faɗi wasu abubuwan da sauri, tana kallon agogo. Sai kumburi ya saɓe, Litinin ke nan. Mu yi shawara.

Shugaba an yi mata allura, idonta a rufe. Ba ta buɗe ba ta ce, "Malam zai karanta."

Haka muke tun farko. Takardar cikin kwalin magani, littafin firji, ƙa'idojin makarantar yara, ni ke karantawa in taƙaita, ita ta yanke. Mai aikin laburare ta aura, ta ce ba za ta bar shi ya yi tsatsa ba.

Alhamis, da hantsi, a laburare

Ɗalibai suna jarrabawa, bene na biyu babu kowa sai fanka. Na zauna gaban na'ura tun da na shigo. Ashe likitocin ƙashi ma suna da ƙungiyoyi biyu kamar 'yan ƙwallo, kowa da tasa, kowa da alƙalumansa. Masu ƙusa dattawa ne, rubutunsu gajere, kamar an dame su. Masu maɓalli suna son zane mai launi.

Abin da na fahimta: mai ƙusa yakan daɗe bai taka ba, don ƙusa ba ta lanƙwasawa, kuma sau da yawa sai an koma tiyata bayan wasu watanni a cire ta. Mai maɓalli yakan taka da wuri, kuma galibi ba a sake buɗe shi.

Na karanta wannan layin na ƙarshe, na tashi na gyara littattafan tarihi da babu wanda ya taɓa su tun bara.

Ƙashi biyu da suka rabu ana neman abin da zai riƙe su. Na ga kwatancen da aurenmu, na ƙi ɗauka. Ya yi arha.

Alhamis, da la'asar

Na buga takardun. Na kasa su kashi biyu a kan tebur. Kashin maɓalli ya fi tsayi.

Juma'a, da yamma

Ƙanwar Shugaba ta iso asibiti da kwanuka da labarai. Rediyo nake ce mata tun tana budurwa, kuma har yau ba a gano inda ake rage mata murya ba.

"Mijin Yaya, an ce kai ne kwamitin. Me ka karanto? Ko har yanzu kana gabatarwa?"

Na ce bincike ba a yi masa gaggawa.

"Yaya, wallahi da wuta za ta kama gidanku, sai Malam ya nemo tarihin wuta kafin ya ɗauko bokiti."

Shugaba ta yi murmushi, ba da yawa ba. Rediyo ta raka ni har baranda, ta rage murya da kanta, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Ka san dai ba ziyara za ta je ba, ko?" Na ce ai jikokin suna kewarta. Ta dube ni kamar na zubar da miya a gaban baƙi, ta koma ciki.

Ba zan rubuta barkwancin da na yi a kanta ranar walimar ajiye aikinta ba. Mutane sun yi dariya, wannan dai tabbas ne. Kusan kowa ya yi.

Asabar, da hantsi

Ban je asibiti da safe ba. Na ce mota ce. Motar lafiyarta lau.

Lahadi, da yamma

Na gwada jawabin da zan yi gobe gaban likita a kicin, ina wanke kofi ɗaya. Ƙusa tsohuwar hanya ce, an daɗe ana amfani da ita, an san halinta. Igiya kan iya saki. Maɓalli kan damu fata. Duk gaskiya ne, kowanne akwai takardarsa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na duba.

Litinin, da azahar

An shiga da ita.

Da safe likita ta tsaya a ƙarshen gado ta ce, "To Baba, me kuka yanke?" Na yi jawabin. Ya fito da kyau, har ma'aikaciyar jinya ta tsaya tana saurare da tire a hannu. Likita ta ce ba laifi, ƙusa ma tana yi, sai dai Mama ta shirya zama. Ta juya ga Shugaba: "Mama, ke fa? Ƙafarki ce."

Shugaba ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Abin da ya karanto."

Ina zaune a bencin ƙofar tiyata. An yi shi ne don kada kowa ya ji daɗin zama. Wani mutum kusa da ni yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihunsa. Na tashi, na zauna, na je na karanta sanarwar wanke hannu har ƙasa, har sunan maɗaba'ar.

Litinin, da magariba

An fito. Likita ta nuna mini hoton a wayarta: ƙusa fara fes, kwance a gicciye, ta ratsa siririn ta shige babban. Ta ce ya yi kyau. Na ce madalla.

Juma'a, da la'asar

Mun dawo gida. Bene ya haramta gare ta, don haka na sauko da ƙaramin gado ɗakin karatuna. Ni da maƙwabci muka sauko da shi, ya tsaya a kwana, muka yi ta ba juna umarni. Yanzu tana kwance tsakanin kantoci, ƙafa a kan filo biyu, sandunan asibiti jingine da ƙamus.

"Shekara nawa ina ƙwanƙwasa ƙofar nan," ta ce, "ashe karaya ce tikitin shiga."

Na ce ba karaya ba ce, yagewar jijiya ce. Ta rufe ido.

Akwatin na sa shi ƙarƙashin matattakala. Ba ta tambaya ba.

Laraba, da safe

Na koyi abubuwa. Ruwan wanka ana gwada shi da gwiwar hannu. Ana ɗaure ƙafa da leda kafin a zuba. Albasa ba ta jiran mutum ya gama sakin layi. Shayinta ba ta son a motsa shi da cokalin da aka ɗebi sukari, kuma wai haka take tun da can.

Na ɗauki rabin yini a wurin aiki. Rediyo tana zuwa da safe, ni in karɓa da azahar. Tana ce mini "Nas."

Gidan ya cika. Ina jin tari daga ɗakin, ina jin an juya shafi. Ban san me zan yi da wannan ba, sai na goge murhu.

Asabar, da yamma

Na karanta mata, kamar farkon aurenmu. Ta yi barci a shafi na uku, kamar farkon aurenmu.

Talata, da azahar

'Yarmu ta kira. Ta gaida mamanta, suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan aka miƙo mini.

"Baba, ɗakin Mama yana nan a gyare. Yaushe likita ta ce za ta iya tafiya?"

Na ce da saura. Sai an daɗe ba a taka ba, sannan a koyi takawa, sannan a koma a cire ƙusa, sannan wancan ciwon ma ya warke. Na ji muryata tana jero su kamar mai tallan kaya.

"Ikon Allah. Babu hanyar da ta fi wannan sauri?"

Na ce ga mamanki.

Alhamis, da la'asar

An cire ɗinki, an ba ta wani takalmi baƙi mai maɗauri, kamar za ta hau wata. Ba a taka ba tukuna. Ta tambayi likita da kanta, likita ta ce ba yanzu ba.

A gida ta zauna bakin gado tana kallon ƙafar. Wannan matar da ƙafa take zagaya makaranta kafin a buga ƙararrawa, tana duba bayan gida da famfo da aljihun yara. Yanzu sai ta kira ni kafin ta sha ruwa. Na ce mata ta gode Allah ta samu ma'aikaci mai digiri biyu. Ta ce, "Malam, ka fita ka ja ƙofar."

Na fita. Na tsaya a bayan ƙofar da kofin ruwa har ya daina sanyi.

Lahadi, da hantsi

Takardun maɓalli suna cikin jakata har yanzu. Ina kai su aiki ina dawowa da su. Suna samun motsa jiki fiye da ita.

Laraba, da yamma

Na yi niyyar yin wata magana yau. Na shiga da shayi, na zauna a kujerar tebur, na ce, "Shugaba." Ta ajiye tabarau ta ce, "Ina ji." Na ba ta labarin ɗalibin da ya dawo da littafi bayan shekara huɗu ya ce bai gama ba.

Ta mayar da tabarau.

Litinin, da la'asar

Makonni sun tafi, ban rubuta ba. Babu abin rubutawa. Ruwa, leda, shayi, filo.

Yau na hau sama ɗauko tawul. Fulawar da ke barandar ɗakinmu, wadda na manta da ita tun ranar faɗuwar, ƙasarta a jiƙe take. An cire busassun ganyen.

Rediyo ba ta hawa bene. Gwiwa. Duk wanda ya san ta ya san gwiwar.

Talata, da azahar

Na dawo da wuri. Rediyo tana falo, ta ɗaga murya fiye da kullum: "A'a! Mijin Yaya! Yau da wuri haka? An kore ka ne?" Sai da ta tsare ni da labarin wata maƙwabciyarta mai kaji kafin ta bar ni na wuce. Shugaba tana kan gado, ƙafa kan filo, littafi a hannu, tana numfashi kamar wadda ta yi gudu. Littafin a juye yake.

Na tambaye ta ko yana da daɗi. Ta ce ba laifi.

Alhamis, da safe

Fulawar a jiƙe.

Asabar, da yamma

Na ce wa Rediyo likita ta hana takawa, ƙusa na iya karyewa. Ta ce, "Ni na taka?" Na ce ba wasa nake ba. Ta ce, "Kai? A rubuta ranar." Sannan ta ɗaure jakarta ta ce, "Mijin Yaya, mace ce mai hankalinta. In tana koyon sauka daga bene, ka tambayi kanka ina za ta. In tana koyon hawa, shi ma ka tambaya. Ni dai kar ka tambaye ni."

Na zagaya unguwa da ƙafa har sau biyu. An buɗe sabon shagon aski. An rufe na mai gyaran agogo.

Laraba, da azahar, a asibiti

An ɗauki sabon hoto. Likita ta sa shi a allo, ta tsaya tana kallonsa ba gaggawa, abin da ba halinta ba. Ni ma na gani. Ƙusar ta rabu biyu, daidai tsakanin ƙasusuwan, guntu a wannan, guntu a wancan.

Na fara magana, ban san me nake cewa ba.

"Mama," likita ta ce, "kin taka, ko?"

"Na ɗan taka."

"Ɗan?"

"Da sanda ɗaya."

Likita ta durƙusa, ta matsa nan, ta murɗa can, tana tambaya ko da zafi. Babu. Ta sa aka ɗauki wani hoton tana tsaye a kan ƙafar. Ta dawo tana dariya. Ta ce Mama ta yi ganganci kuma ta yi sa'a, kada ta ba wa kowa wannan shawarar. Jijiyoyin sun kama, ƙasusuwan suna inda ake so. Ƙusar ta gama aikinta kafin ta karye. Tunda ba ta damunta, ba sai an sake buɗewa ba, a bar guntayen a ciki. Ta ci gaba da takawa a hankali, ta je wajen masu motsa gaɓɓai.

"Babu tiyata ta biyu?" na ce.

"Babu, Baba. Ba ka ji daɗi ba?"

Na ce na ji. Na san da wannan ma. Yana cikin takardun.

Laraba, da yamma

A mota, a cunkoson bakin kasuwa, ta ce, "Ranar Asabar ɗin da motarka ta lalace, likita ta zo zagayen safe. Ba ta sauri ranar. Ta zauna ta yi mini bayani da bironta biyu, tun daga farko. Har ta nuna mini maɓallin a hannu. Ɗan mitsitsi."

Mai babur ya shiga gabana. Ban yi masa hon ba.

Na ce, to me ya sa kika ce abin da na karanto?

"Na ga kana neman lokaci. Na ce bari in ba shi, in ji abin da zai faɗa a ciki."

Na ce ai na yi ƙoƙari.

"Ka yi. Ka dafa, ka wanke, ka ɗaure leda. Ban taɓa shan shayi irin naka ba, Allah ya saka. Na kuma ji labarin yaron da bai gama littafi ba." Ta gyara zaman ƙafarta. "Da ƙashina ka nemi watannin nan, Malam. Da baki ka nema, ban san nawa za ka samu ba."

Hanya ta buɗe. Na bayana suka fara hon.

Alhamis, da hantsi

Ta hau sama da kanta, a gabana, hannu ɗaya a ƙarfe. Na tsaya a ƙasa da hannuwa a buɗe kamar mai jiran a jefo masa kaya. Ba ta waiwayo ba.

Rediyo ta yi magana da direban mijinta. Asabar da safe zai kai Shugaba wajen 'yarmu.

Alhamis, da la'asar

Na je aiki na dawo. Ban tuna abin da na yi a can ba.

Juma'a, da yamma

Tana bakin gado a sama tana ninke kaya. Na shiga ba shayi. Na fara da cewa akwai abubuwan da mutum, idan ya kai wasu shekaru, kuma idan aka yi la'akari da yadda aka taso.

"Malam, a taƙaice."

Na ce, "Kar ki tafi."

Ta tsaya da zane a hannu tana jira. Na san abin da take jira. Barkwancin ya zo mini ma, har biyu, ɗaya mai kyau ne ƙwarai. Na haɗiye su.

"Shi ke nan?" ta ce. "Babu ƙarashe?"

"Babu."

"To, na ji."

Ta ci gaba da ninkewa. Na zauna a ɗaya gefen gadon. Da ta miƙo mini bakin zanen gado, na kama, muka ninke tare.

Asabar, da hantsi

Direban ya zo da wuri. Shugaba ta sauko da kanta, ta fita har bakin ƙofa, ba sanda. Suka gaisa, ta tambayi iyalinsa. Ta ce masa ya yi haƙuri, ya dawo wata Asabar.

Ya ce wacce, Mama?

Ta ce za ta aiko.